Jitar Chemo Mai Cizo

Ƙanina Anselmo Barragán, wanda duk unguwarmu ta Wilmington, a bakin tashar jiragen ruwa, ta sani da Chemo, ya zo duniya da hannu a dunƙule. Na san kowane jariri haka yake zuwa, amma sauran jarirai suna buɗewa, shi kuwa bai buɗe ba. Ni ce yayarsa, Herminia, shekara shida na ba shi, kuma rabin ƙuruciyata ya tafi ne wajen ɓamɓare shi daga wuyan 'ya'yan mutane. Yana ɗan shekara tara ya fasa wa wani kai da kwanon abincinsa na makaranta. Yana sha huɗu aka ɗinke masa gira sau biyu a wata guda. Ba mugu ba ne, kada a yi masa ƙarya yana kabari. Zuciya ce kawai a kusa, kuma hannunsa ya fi bakinsa saurin magana.

Mahaifinmu ma'aikacin jirgin kamun kifi ne. Wayar ƙarfe ta tsinke a teku ta raba shi da duniya, aka kawo mana shi a cikin ƙanƙara tare da kifin. Abin da ya bar mana shi ne gidan katako mai ɗaki biyu, da jitarsa ta mutanen Meksiko, wadda ake kira baho sesto, mai tsirkiya goma sha biyu, kowace da kaurinta. Mama ta rataye ta a bango, kullum tana goge mata ƙura. Ni da Chemo muka shiga kamfanin kifin gwangwani na tsibiri, muna tsallakawa a jirgin fito da sassafe, muna dawowa da ƙarnin da ko sabulun wanki ba ya fitarwa.

A can ya yi aika-aikar da ta ɗaure shi. Wani hedima, shugaban leburori, ƙaton banza mai jan wuya, ya kai min hannu inda bai kamata ba, ya kuma bi da magana. Kafin in juyo da wuƙar fiɗa, Chemo ya riga ni. Naushi ɗaya ya yi masa. Muƙamuƙi ya karye gida biyu, haƙora uku suka bi kwatar kayan cikin kifi. Alƙali ya yanke masa shekara huɗu, amma ya mayar da shi ɗaurin talala saboda ƙuruciya da kukan Mama. Ya nuna shi da alƙalami ya ce, "Ka sake ɗaga wa wani hannu a ƙasar nan, ko sauro ka gani a goshinsa, shekara huɗun nan za ka ci su cif." Wannan a ƙarshen 1961 ne, yana ɗan ashirin.

Da muka koma gida Mama ta durƙusar da shi gaban hoton Budurwa Maryamu ta sa ya rantse. Sannan ta juyo kaina.

"Ke kuma, Mina, amana ce. In suka ɗauke min shi, ke zan tambaya."

"Ni na haife shi, Mama?"

"Ke kika jawo. Ki rufe min baki."

Ban jawo ba, amma na karɓa. Daga ranar duk inda Chemo ya sa ƙafa, tawa na biye.

Mutumin da aka hana naushi sai hannunsa ya nemi wani aiki. A lokacin ne rediyo ya cika da wani kiɗa na samarin bakin teku masu hawan igiyar ruwa a kan katako. Babu waƙa a ciki, jita ce kawai da ganguna, ana kaɗa tsirkiya da sauri kamar keken ɗinki, sautin kuma yana ɗiga yana amsa kansa kamar a cikin rijiya. Chemo bai taɓa hawa katako ba, iyo ma da ƙyar yake yi, amma kiɗan ya shiga jininsa. Ya ce shi ne abu na farko da ya ji wanda ya yi kama da abin da ke cikin ƙirjinsa.

Su samarin suna da ƙa'ida wadda ba a rubuta ba. Jita iri ɗaya suke riƙewa, sumul mai ƙyalli kamar sabuwar mota, da akwatin sauti iri ɗaya mai farar fata. In ba ka da su, kai ba makaɗi ba ne, ko da yatsunka na zinariya ne. Wata Asabar na raka Chemo kantin da ake sayar da su a Long Beach. Ya miƙa hannu zai taɓa wata ja, mai kantin ya ce, "A'a, malam, da ido ake gani. Ƙarnin kifi ba ya fita daga katako." Na ga jijiyar wuyan Chemo ta tashi. Na damƙi bayan rigarsa na ce, "Shekara huɗu." Ya haɗiye, muka tsaya muka saurari wani yaron masu kuɗi yana gwada ta. Da muka fito sai na ga yana murmushi.

"Mene ne abin dariya, an wulaƙanta mu?"

"Yaya, kin ji muryarta kuwa? Sauro a gwangwani. Wai wannan ne teku? Waɗannan tekun wasa suka sani. Ni na san wanda ya ci Baba."

Ranar ya sauke jitar Baba daga bango. Ya huda mata ciki, ya dasa maganaɗisun ɗaukar sauti da ya ciro daga wata karyayyar jita a shagon 'yan gwangwan, ya cusa mata tsummokara don kada ta riƙa kururuwa ita kaɗai. Mama ta yi kuka kamar Baban aka huda. Wata guda ba ta yi masa magana ba, sai dai ta ajiye masa wake da waina ta juya baya.

Akwatin sautin kuwa labari ne. Cocin unguwarmu ya yi gobara, ogan ɗin da ake kiɗan ibada da shi ya ƙone ta sama, amma kayan cikinsa suka tsira. Fadan cocin ya ce wa Chemo ya kwashe. A ciki akwai wani dogon faranti na ƙarfe mai sifirin biyu, irin naɗaɗɗiyar wayar nan ta cikin katifa, wanda shi ke sa sauti ya riƙa amsa kansa. Ya samo manyan lasifika biyu daga wani gidan silima da aka rufe, ya haɗa gaban da hanjin tsohon rediyon maƙwabta, ya ƙera wa duka gida da katakon akwatunan kifi. Tsawonsa ya kai kafaɗata, kuma sai mutum biyu ke ɗaga shi. Da ya jona ya kaɗa tsirkiyar ƙasa, kwanuka suka yi rawa a kicin, karen maƙwabciyarmu Doña Chabela ya shige ƙarƙashin gida bai fito ba sai washegari. Ni ban san kiɗa ba, amma gashin jikina ya tashi, kuma na yi alfahari da shi har na ji kunya.

Sai dai abin yana da hali. Filogin wancan zamani ƙafa biyu ne iri ɗaya, ta ko'ina ka soka yana shiga. In ka soka na Chemo daidai, lafiya lau. In ka soka shi a juye, wuta tana bin ƙarfen akwatin, ta bi waya, ta hau tsirkiyoyin nan goma sha biyu ta zauna tana jira. Don haka yake da tsarinsa da ba ya tsallakewa. Shi kaɗai ke jonawa. Ya ɗiga jan fenti a ƙafa ɗaya ta filogin, amma ko da haka sai ya taɓa tsirkiya da bayan yatsa, in ta cije shi ya koma ya juya. Ba ya kiɗa sai a kan busasshen dandamalin katako, kuma sai da dogon takalmin robarsa na wurin aiki. Na taɓa ɗaukar jitar ba takalmi zan share ƙasa, ta watsar da ni jikin bango, hannuna ya yini a sage.

"Za ta kashe ka wata rana," na ce masa.

"Ba ta cizon mai ladabi, Yaya. Ki riƙa gaishe ta."

"Uwarka ce da zan gaishe ta?"

"Uwarmu dai. Ki faɗa da ƙarfi ta ji ki."

Mai ganga ya samu a wurin aiki, wani Bafilifine mai suna Dodong, ya girme ni, mai 'ya'ya biyar da hannu kamar muciya. Su biyu kacal, don jitar Baba tana yin aikin mutum uku. Ni ce direba, a tsohuwar akori-kurar kawunmu. Makaɗan irin wannan kiɗa suna da al'adar harbin akwatin sifirin da ƙafa a tsakiyar kiɗa, ya yi ƙara kamar tsawa. Nasu tsawar wasan yara ce. In Chemo ya harbi nasa, sai ka rantse jirgin ruwa ne ya daki gaɓa.

Abin da ya jawo mana Royce Tillman ke nan. Royce ɗan bayan tudu ne, inda gidaje ke kallon teku, dogo, gashinsa ya koɗe da rana da gishiri, gwiwoyinsa duk kanta saboda durƙuso a kan katako. Yana da ƙungiyar makaɗa ta mutum biyar masu riga iri ɗaya da kaya iri ɗaya, kuma shi ne zakaran wannan yanki. Wata Lahadi da la'asar aka ba mu minti goma a wani ɗakin rawa kafin su hau. Da muka shigo da akwatin, ɗakin ya kwashe da dariya.

"Kai, wa ya mutu? Ga akwatin gawa!"

"Dubi takalminsa! Malam, an rufe kamfanin kifi ne?"

Chemo ya jona, ya gwada da bayan yatsa, ya hau katakonsa. Minti biyu da farawa dariya ta mutu. Samarin nan masu silifa suka kama dukan ƙasa da ƙafa har fitilun rufi suna lilo. Da Royce da mutanensa suka hau bayanmu, kiɗansu ya fito siriri, rabin ɗakin ya fita shan iska.

A wurin ajiye motoci suka same mu, su huɗu, rana ba ta ma faɗi ba. Wani ya riga ya ba su labarin alƙali, don abin da Royce ya fara faɗa ke nan.

"An ce kai ne mai naushi ɗaya. To ga fuskata. Taɓa mana."

Chemo ya tura hannayensa biyu cikin bel ɗinsa ta baya, ya tsaya. Royce ya kai masa a hanci, na ji ƙarar ƙashi. Suka kayar da shi suna harbi, a ciki, a haƙarƙari, a baki. Bai fitar da hannun ba. Jini na zuba a kwalta yana kallona da ido ɗaya, kamar mai cewa kin gani, ina riƙe da alkawari. Dodong na kokawa da ɗayansu a gefen mota. Ni dai babu alƙalin da ya ɗaure ni. Na ɗauki akwatin kwalaben lemo na sauke shi a kan wani mai jan gashi, kwalabe suka tarwatse, ya zube kamar buhu. Na riƙe wuyan fasasshiyar kwalba na ce duk wanda ya ƙara taku ɗaya sai uwarsa ta kasa gane shi. Suka ja ɗan uwansu suka tafi, Royce na waiwaye yana dariya.

A mota Chemo na tofar da jini ta taga ya ce, "Kin ga yadda suka yi rawa kuwa?"

Na kusa ƙarasa abin da suka fara.

A watan Agusta na 1963 aka shirya gasar makaɗa a bakin ruwan su Royce, ranar Asabar da rana tsaka, a filin siminti da ke gaban rairayi. Na ce ba za mu je ba. Na ce a gidansu ne, kuma wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Mama ta ɓoye masa takalmin robar a cikin tanda. Ya nemo shi, ya zauna a bakin ƙofa yana sawa, hancinsa har lokacin a karkace.

"Yaya, sun dake ni ban rama ba. Me ya rage su yi min?"

"Su sa ka rama, sakarai."

"Ba zan rama ba. So nake sau ɗaya tekun ya ji jitar Baba. In ba za ki kai ni ba, Dodong zai tuƙa."

Dodong bai iya tuƙi ba, ya taɓa shigar da motar kamfani cikin shagon aski. Na zura nawa takalmin robar na aiki, na ɗauki makulli ina zagi.

Mutane sun fi dubu. Babu wutar lantarki a filin sai a rumfar mai sayar da tsiran alade, can taku hamsin, don haka aka jawo doguwar waya ta tsakiyar jama'a. Simintin kuwa jiƙe yake sharkaf, saboda famfon da masu fitowa daga teku ke ɗauraye jiki yana nan gefe, ruwansa na malala. Chemo ya duba ƙasa ya girgiza kai. Ya shimfiɗa katakonsa, ya taka da kansa har rumfar ya jona, ya dawo ya gwada da bayan yatsa. 'Yan sanda biyu na jingine da motarsu a bakin titi suna shan lemo.

Abin da ya kaɗa ranar ban taɓa jin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Ya fara a hankali da wani tsohon kiɗan Baba na biki, sannan ya sake shi da gudu, Dodong na binsa kamar zai fasa fatar ganga. Har waɗanda ke cikin ruwa suka juyo da katakonsu. Ya harbi akwatin, tsawar ta tashi, tsuntsayen teku suka watse daga kan rumfuna. Na tsinci kaina ina ihu kamar mahaukaciya, ni da na zo da ɓacin rai.

Ana cikin haka sauti ya ɗauke ɗif. Mai jan gashin nan, da tabon kwalbata a goshi, shi ya zare filogin daga rumfa, yana ɗaga shi sama yana kaɗawa. Jama'a suka yi ihun rashin yarda. Sai ga Royce ya ratso su, fitowarsa daga teku ke nan, ruwa na ɗiga daga gajeren wandonsa, ƙafa ba takalmi. Ya hau katakon ya tsaya hanci da hanci da Chemo.

"Ba na ce kada in sake ganinka ba, ɗan kifi?"

Ya wanke shi da mari. Chemo bai motsa ba. Ya tofa masa yawu a fuska. Na ga hannun Chemo na dama ya dunƙule, na yi ihu, "Chemo! Mama!" Ya buɗe shi a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Royce ya kama jitar ya fizge, maɗaurin ya tsinke, Chemo ya sakar masa.

"Jama'a, ku zo ku ga yadda ake kaɗa garayar talakawa!" in ji Royce. Ya sauka daga katakon ya taka jiƙaƙƙen siminti don kowa ya gan shi, ya ɗaga murya ya kira mai jan gashin. "Kai, Skip! Mayar da wutar!"

"Kada ka jona!" Chemo ya ƙwala ihu. "Kai, tsaya! Akwai jan fenti! Bari in zo da kaina!"

Dariya aka yi masa. A wurinsu filogi filogi ne, nasu kayan kanti ba su taɓa koya musu tsoro ba. Skip ya soka yadda ya zo masa a hannu.

Royce na riƙe da wuyan jitar da hagu, tafinsa kwance kan tsirkiyoyin duka. Jikinsa ya sandare a take. Ya ɗage a kan yatsun ƙafa, bayansa ya gantsare, haƙoransa suka bayyana, kansa na karkarwa. Lasifikar ta ɗauki wani gurnani mai tayar da hanji. Jama'a suka ɗauka kwaikwayon Chemo yake yi, suka kama tafi da shewa. Wata yarinya kusa da ni har da hawayen dariya. Ni na san ba wasa ba ne, don na ga fitsari na bin ƙafarsa. Wuta in ta kama tafin hannu ba ta bari ya buɗe. Dodong ya watsar da sandunansa ya nufi rumfa, amma mutum dubu ne tsakaninsa da filogin. Wayar jitar kuma Chemo ya ɗaure ta da sukurori a jikin akwatin, ba a zare ta da hannu.

Duk wanda ya yi aiki a jirgi ya san abu ɗaya. Ba a taɓa wanda wuta ta kama da hannu, sai ta haɗa da kai. Bugo shi ake yi, da ƙarfi, da abin da wuta ba ta bi. Chemo ya ja baya taku uku, ya taho a guje, ya tashi sama ya sauke takalman robar nan biyu a ƙirjin Royce. Royce ya yi sama, jitar ta fita daga hannunsa ta daki siminti ta rabe biyu. Ƙeyarsa ta sauka a kan ƙarfen gaban wata mota, da wani sauti da har yau nake ji. Ya kwanta, jini na fita ta kunnensa, amma ƙirjinsa na ɗagawa.

Abin da mutum dubu suka gani shi ne ɗan Meksiko ya harbe Royce Tillman yana tsakiyar wasa. Suka rufe shi. Na ga ana sauke masa katakon hawan ruwa a gadon baya, na ga ƙafafu, na ga wani ya ɗauki ƙarfen gangar Dodong. Wasu suka kifar da akwatin suka hau shi da tsalle, kwalaben cikinsa na fashewa. Na shiga tsakiya ina duka ina yaƙushi, na ciji kunnen wani har na ji gishirin jini, wani ya kai min gwiwar hannu a ido duniya ta yi duhu. Da na dawo hayyacina 'yan sandan sun iso da kulake. Chemo na kife a ƙasa, gwiwar ɗan sanda a wuyansa, ana sa masa ankwa. Ina ta ihu, "Wuta ce! Ku duba hannunsa! Ku duba tafin Royce!" Ba wanda ya ko kalle ni.

Royce ya rayu. Haƙarƙari uku suka karye, ƙoƙon kai ya tsage, kunnen hagu ya daina ji. A kotu ya zo da kwat, hannunsa na hagu a naɗe da bandeji, kuma na san abin da ke ƙarƙashi, layukan ƙuna a jere. Lauyan da aka ba mu ya tambaye shi sau ɗaya ko wuta ta ja shi. Royce ya kalli ƙasa ya ce, "Ban tuna komai ba." Skip ya ce shi filogi kawai ya mayar. Akwatin ya zama itacen wuta, babu abin da za a gwada. Ni da Dodong muka faɗi gaskiya, amma ni yayarsa ce mai baƙin ido a kumbure, shi kuma lebura ne da Turancinsa ke tuntuɓe. Alƙalin dai shi ne na da. Ya ce ya yi gargaɗi, ya ba shi shekara huɗun nan, ya ƙara ɗaya a kai.

Mama ba ta tambaye ni ba kamar yadda ta ce za ta yi. Da ta tambaya da ya fi min sauƙi.

Chemo ya fito yana ɗan ashirin da bakwai. Bai sake riƙe jita ba. Ya zama mai gyaran wutar jiragen kamun kifi, kuma shekara arba'in duk tashar ta san in Chemo ya haɗa maka waya za ka iya barci a kanta. Ya auri wata bazawara mai kirki, ya riƙe mata 'ya'ya biyu, bai ƙara ɗaga wa kowa hannu ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Mutanen unguwa suna ba da labarinsa a matsayin wanda aka zalunta, wanda ya ceci rai aka saka masa da kurkuku. Ni ma haka nake faɗa, don gaskiya ne. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa ba sai yanzu da babu wanda zai ji ciwo.

Wata na biyu da ɗaure shi na hau bas na je ziyara. An aske masa kai, ya rame, muna zaune da teburin ƙarfe a tsakaninmu. Na zo da haushi cike da ciki, na kuma sauke masa shi duka.

"Kai wawa ne, Chemo. Mutumin da ya fasa maka hanci, ya tofa maka yawu a gaban duniya? Ka san abin da alƙali ya ce. Da ka tsaya kurum ka naɗe hannu, wa zai ce ka yi laifi? Shi ya ɗauka, su suka jona. Da yanzu kana gida kana cin waken Mama."

Ya ɗora hannayensa a kan tebur.

"Ai na tsaya, Yaya."

"Ka tsaya me?"

"Tun da ya gantsare na san abin da ya kama shi. Kafin kowa. Na tsaya ina kallonsa. Na ja numfashi, na sake ja, na sake. Sau uku." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kuma daɗi nake ji. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, ko a kiɗa. Shi ya ba ni tsoro, shi ya sa na tashi. Da na je da wuri da tura shi kawai zan yi da guntun katako, da bai kai ga mota ba. Gudun da na yi, kaina nake gudu."



"Su sun ɗaure ni don na harbe shi," ya ce. "Wannan ƙarya ce, kuma tana min ciwo. Amma in na kwanta, ba ita nake tunawa ba. Numfashi ukun nan nake biya, kuma ban ga an cuce ni da yawa ba."

Mai gadi ya buga tebur ya ce lokaci ya yi. Chemo ya miƙe, ya ce in gaida Mama, in ce mata yana cin abinci. Na fito na zauna a tashar bas na yi kuka har mota biyu suka wuce ni. Ba tausayinsa kaɗai ya sa ni kuka ba. Ni ma a ranar na gane abin da ya kama Royce, ina tsaye kusa da shi fiye da Chemo, da takalmin roba a ƙafata, kuma ko taku ɗaya ban yi ba.